Tarihin Hular Haƙori da Dalilin Sake Ta

A cikin dukan abin da Allah Maɗaukakin Sarki ya halitta a jikin ɗan Adam babu wanda ya kai farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori tauri, har ƙashi ma bai kama ƙafarsa ba. Amma kuwa, bisa ga wata hikima tasa, wannan abu mai tsananin tauri ba a ba shi ikon gyara kansa ba, domin fata idan ta yanke takan haɗe, ƙashi idan ya karye mai ɗori ya ɗaure shi yakan kama, gashi da farce kullum cikin tsiro suke, alhali haƙorin babba, da zarar mutum ya wuce famfarar ƙuruciya, idan ya gutsure ya gutsure ke nan, idan kogo ya ci shi ba zai ciko ba har ranar da za a kai mai shi makwanci.

Wannan rashi shi ne asalin sana'ar yi wa haƙori hula, watau a sassaƙe abin da ya saura na haƙorin da ya lalace, a ƙera masa murfi na zinariya ko na ƙarfe ko na tangaran daidai da siffarsa, a kifa masa, a manne, domin ya koma bakin aikinsa na tauna. Sai dai wurin da ake sa wannan murfi wuri ne mai wuyar zama ga duk abin da hannun mutum ya ƙera: dare da rana a jiƙe yake, da ɗumi, shayi mai zafi ya wuce yanzu, ruwan sanyi ya biyo baya, tsamin abinci da na ƙwayoyin cuta suna ta aikinsu, turamen baki kuwa, idan ƙaƙƙarfan mutum ya cije, sukan danna da nauyin da ya kai kilo 70. Saboda haka wanda ya bi diddigin wannan sana'a zai tarar cewa tun farkonta ba ƙera hular ne babban abin da ya gagari ma'abotanta ba, abin da ya gagare su shi ne ɗorewarta, musamman a wannan siririn layi inda bakin abin da aka ƙera ya haɗu da haƙorin da aka halitta; nan ne ruwa yake shiga, nan ne ruɓa take farawa, kuma daga nan ne kusan kowace hula take kama hanyar komawa hannun likita.

Mutanen dā ba su fara da hula ba, da ɗauri suka fara. A kaburburan Giza na ƙasar Masar an tono turame biyu da aka ɗaure da zaren zinariya, a Saida ta ƙasar Labanan an sami irin wannan daga zamanin Finikawa, amma waɗanda suka yi fice su ne Itruskawa na tsakiyar Italiya, waɗanda tun wajen ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, maƙeransu suke buga zinariya ta yi faɗi kamar ɗamara, su zagaye haƙoran da suke da rai da ita, su kafe haƙorin da ya faɗi ko wani madadinsa a cikin giɓin. Littattafai da yawa sukan ce su ne suka fara hular haƙori, amma abin da aka haƙo daga ƙasa ɗamaru ne, kuma galibinsu a bakin mata masu hali aka same su, abin da yake nuna ado ya fi tauna ƙarfi a cikin niyyar masu su. Al'adar ta kai Rum har ta shiga doka, gama a cikin dokokin nan na Alluna Goma Sha Biyu, na wajen shekara ta 450 kafin Miladiyya, an hana binne mamaci da zinariya, aka keɓe wadda aka ɗaure haƙoransa da ita.

A wajenmu Musulmi mas'alar tana da asali tabbatacce a hadisi. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito labarin sahabin nan Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa aka ƙera masa na azurfa, ya yi masa wari, sai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya umarce shi da ya yi na zinariya. A kan wannan hadisi fuƙaha'u suka yi ƙiyasin haƙori, suka halatta wa namiji ɗaure shi da zinariya saboda larura, ko da yake zinariya haramun ce gare shi a wajen ado. Tirmizi kansa ya ambata cewa ba ɗaya ba ba biyu ba daga cikin ma'abota ilmi sun yi hakan, an kuma ruwaito shi daga Sayyidina Usmanu ɗan Affan. An sami saɓani a mazhabar Hanafiyya, inda aka naƙalto daga Imamu Abu Hanifa cewa da azurfa za a ɗaure, almajirinsa Muhammadu Shaibani kuwa ya yarda da zinariya; amma duk wanda ya zauna a zauren malami a ƙasar nan ya karanta farkon Muhtasar na Shehu Halil ya san cewa a mazhabarmu ta Malikiyya hanci da ɗaurin haƙori suna cikin abubuwan da aka togace daga hanin. Abin lura a cikin hadisin shi ne illar hukuncin: azurfa takan sauya idan ta daɗe cikin danshin jiki, zinariya ba ta sauyawa, kuma wannan ita ce ƙa'idar da likitocin haƙori suka yi ta komawa gare ta fiye da shekara dubu bayan haka.

Wanda ya fitar da wannan ƙa'ida daga fiƙihu ya shigar da ita ɗibbu dalla-dalla shi ne Abul Ƙasim Zahrawi, babban likitan Ƙurɗuba ta Andalus, wanda ya rasu wajen shekara ta 1013. A maƙala ta talatin ta littafinsa Attasrif, wadda ya keɓe wa aikin fiɗa, ya bayyana yadda ake saƙa zare tsakanin haƙoran da suke girgiɗi da masu ƙarfi, ya fifita zinariya a kan azurfa bisa hujjar cewa azurfa takan yi kore ta lalace, ya zana ƙarafan kankare dauɗar da take daskarewa a gindin haƙora, ya kuma ce ana iya sassaƙa ƙashin sa a siffar haƙori a ɗaura a gurbin wanda ya faɗi. A ƙarni na 12 aka fassara wannan maƙala zuwa Latin a birnin Ɗulaiɗila, ta zama abin karatu a makarantun likitancin Turai ƙarnoni da dama, a daidai lokacin da cire haƙori a can yake hannun wanzamai, kamar yadda yake a hannun namu wanzaman har kwanan baya.

Hula irin wadda muka sani a Faransa ta bayyana. A 1728 Pierre Fauchard ya fitar da littafinsa kan fiɗar haƙori, wanda Turawa suke ɗauka a matsayin harsashin wannan fanni, a ciki ya nuna cewa ko kan haƙori ya karye ƙurmus, muddin saiwar tana da ƙarfi, ana iya share ramin da yake cikinta, a kafa turke na zinariya ko azurfa da wani irin ƙaro, a ɗora sabon kai a bisansa. A 1746 kuma Claude Mouton ya rubuta yadda ake lulluɓe turmin da ya zaizaye da kwanson zinariya don kada ya ci gaba da cinyewa, har ya ba da shawarar a shafa wa na gaba farin fenti irin na maƙeran ado domin ya saje da 'yan'uwansa. A cikin wannan shawara tasa ana iya hango gardamar da ba ta mutu ba har yau, tsakanin mai son abin da zai daɗe da mai son abin da ba za a gane ba. Waɗanda ba su da kuɗin turken zinariya sai aka riƙa kafa musu na itace, da dabarar cewa itacen zai sha yawu ya kumbura ya riƙe gam. Yakan riƙe ɗin kuwa, sa'an nan ya ci gaba da kumbura har ya tsaga saiwar gida biyu, a yi asarar uwa da riba.

Shi kansa kan haƙorin da ake ɗorawa, da hauren giwa ake sassaƙa shi, ko haƙorin dorina, ko kuwa a sa haƙorin wani mutum. Haure yakan sha ruwa, ya yi rawaya, ya yi ɗoyi cikin ɗan lokaci; haƙorin mutum kuwa daga bakin matalauta ake saye ko daga gawawwaki, har bayan yaƙin Waterloo na 1815 sunan wannan fili ya bi haƙoran da ake zarewa daga bakin samarin sojojin da suka faɗi a fagen fama. Ɗoyin nan ne ya dami wani mai harhaɗa magunguna Bafaranshe, Alexis Duchâteau, wanda haƙoransa na haure suka hana shi sakat, sai a 1774 ya yi tunanin cewa tangaran ɗin da ake kwanuka da shi ba ya shan ruwa, ba ya riƙe wari, don me ba za a yi haƙora da shi ba? Tunanin daidai ne, amma tangaran yakan tsuke idan aka gasa shi, abin da aka auna daidai ya fito daga wuta ya ƙi shiga baki, sai da ya haɗa kai da likitan haƙori Nicolas Dubois de Chémant, wanda ya gyara haɗin, daga baya ya koma Landan a zamanin juyin juya halin Faransa, inda masana'antar Wedgwood ta riƙa ba shi yumɓun. A 1808 wani Ba'italiye mazaunin Faris, Giuseppangelo Fonzi, ya fara gasa haƙoran tangaran ɗai-ɗai, kowanne da ɗan ƙarfen filatinam a bayansa don kafawa.

Daga nan ragamar sana'ar ta koma Amurka. A 1840 aka buɗe kwalejin koyon likitancin haƙori ta farko a duniya a Baltimore. A 1844 da 1846 likitocin haƙori biyu, Horace Wells da William Morton, suka nuna cewa ana iya gusar da jin zafi da iskar da ake shaƙa. A 1871 James Morrison ya fito da injin sassaƙa haƙori da ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki. Kafin ƙarshen shekarun 1870 kuma aka sami simintin da yake iya riƙe ƙarfe a jikin haƙori cikin danshi. Da waɗannan suka haɗu sai hular zinariya ta yawaita ƙwarai. Yadda ake yinta a lokacin shi ne a auna kewayen haƙori da waya, a yanko fallen zinariya a naɗe shi kamar zobe, a like bakinsa da wuta, a buga masa murfi mai tudu da kwari irin na turmi, sa'an nan a cika shi da siminti a danna. Aiki ne mai sauri, mai kyan gani, mai kawo kuɗi. Aibinsa shi ne haƙori ba a miƙe yake kamar bututu ba, yana da ciki yana da wuya, saboda haka zoben da ya wuce cikin dole ya yi wa wuyan yawa, bakinsa ya tsaya a sarari ƙarƙashin dasashi, siminti ya narke a hankali, abinci ya maye gurbinsa. Da yawa kuma an kifa su ne a kan saiwar da ta riga ta mutu tana ɗauke da mugunya.

Ranar hisabin wannan aiki ta zo a 1910, sa'ad da wani likita daga Landan, William Hunter, ya yi lacca a Jami'ar McGill ta Montreal, ya ce ya gaji da ganin marasa lafiya masu ƙarancin jini da ciwon ciki da na gaɓoɓi waɗanda bakinsu yake cike da zinariya, ya kamanta hulunan da hubbaren zinariya da aka gina a kan ruɓa, ya ɗora laifin a kan irin aikin da ake yi a Amurka. Rabin maganarsa gaskiya ne, kuma gaskiya mai amfani. Amma abin da aka gina a kanta ya zama musiba, domin likitoci sun ɗauka cewa kusan kowace cuta daga haƙori take tasowa, aka shiga cire haƙora ba ji ba gani, masu ciwo da lafiyayyu, har aka yi shekaru wajen talatin ana mayar da mutane masu ƙuruciya wawulo da sunan magani. A ganina wannan babi ya cancanci a riƙa karanta wa kowane ɗalibin likitanci, gama laifin na hular da ba ta zauna daidai ba ne da saiwar da ba a wanke ba, hukuncin kuwa a kan haƙori aka zartar da shi.

Abin mamaki, maganin aibin ya riga laccar zuwa da shekara uku. A watan Janairu na 1907 William Taggart, likitan haƙori daga Chicago, ya nuna wa takwarorinsa a New York wata hanya: a siffanta abin da ake so da kaki a kan haƙorin ko a kan kwatancinsa, har ya bi kowane lungu, a binne kakin cikin wani irin farin yumɓu mai jure wuta, a gasa har kakin ya narke ya ƙone ya bar gurbinsa, sa'an nan a tura narkakkiyar zinariya cikin gurbin da ƙarfin iska. Abin da zai fito ba naɗi ba ne, zubi ne, bakinsa yana kwanciya a kan haƙori ba tare da rata ba. Mai karatu da ya san aikin maƙeran fari zai gane wannan dabara nan take, domin ita ce wadda aka zuba kayan tagullar Igbo-Ukwu da ita tun wajen ƙarni na 9, da kawunan Ife, da allunan fadar Benin, da 'yan ma'aunan zinariya na Asante. Abin da Taggart ya ƙara shi ne injin turawa da kyakkyawan awo. Ya nemi kowane likita ya biya shi kafin ya yi aiki da hanyar, aka shiga shari'a, aka tono cewa wani likita a jihar Iowa, Barnabas Philbrook, ya riga ya bayyana irinta tun 1897, haƙƙin mallakar ya faɗi, dabarar ta zama ta kowa. Ko da zubin ma saura aiki, don zinariya takan ɗan tsuke idan ta huce, sai da aka yi shekaru ana gyara yumɓun har aka sami wanda yake buɗewa a wuta daidai gwargwadon tsukewar. Hular zinariya ta zubi, idan gwani ya yi ta, har yau babu wadda ta fi ta daɗewa, ana samun wadda ta haura shekara 40 a baki, kuma tana cinyewa ne a hankali tare da haƙorin da take karo da shi, ba ta cinye shi.

Amma ido yana da nasa haƙƙin, kuma ba kowa yake son ya yi murmushi a ga ƙarfe ba. Charles Land na Detroit ya yi rajistar wata hanya a 1889, ta naɗe kututturen haƙori da fallen filatinam mai kaurin takarda, a gina tangaran a kansa a gasa, a zare fallen, a sami hula fara fat mai kama da halitta. Kyanta ba magana, amma kwano ne, kuma kwano yakan fashe. Aka daɗe ana neman yadda za a aurar da ƙarfin ƙarfe da kyan tangaran, abin yana ƙi, domin idan an fito da su daga wuta kowanne da irin saurin tsukewarsa, tangaran ya tsattsage ya bar ƙarfen. Sai a 1962 Weinstein da abokan aikinsa a Amurka suka yi rajistar haɗin da ya daidaita tsukewar biyun. Wannan hula mai ƙarfe a ciki da tangaran a waje ita ta mallaki duniya kusan shekara arba'in, kuma tana cikin abin da likitoci suke yawan cirewa suna sakewa a yau, ko don tangaran ya ɓantare, ko don dasashi ya ja baya da tsufa ya tona baƙin layin ƙarfen a gindin haƙori.

Kasuwa ma ta sa hannu a cikin lamarin. Har zuwa 1971 farashin zinariya a hukumance dala 35 ne kowace oza, da Amurka ta kwance kuɗinta daga zinariya sai ya yi ta hawa har ya taɓa dala 850 a Janairun 1980, dole masu haɗa haƙora suka koma ga gaurayen ƙarafa masu araha irin su nikel da kobalt da kuromiyam, waɗanda suke da tauri amma sun fi wuyar sarrafawa, nikel kuma jikin wasu mutane ba ya karɓarsa. A 1985, a Jami'ar Zurich, Werner Mörmann da Marco Brandestini suka fara ɗaukar siffar haƙori da kyamara, kwamfuta ta zana abin da za a sa, inji ya sassaƙo shi daga dunƙulen tangaran mara lafiya yana zaune. Daga baya aka shigo da zirkoniya, fari ne kamar tangaran, ƙarfinsa kuwa ya doshi na ƙarfe.

Duk da wannan ci gaba, abin da likitoci suka saba gaya wa mutane shi ne su sa ran shekara 10 zuwa 15, abin da ya ƙaru a kai alheri ne. Hula ba ta ruɓewa, amma haƙorin da yake ƙarƙashinta yana nan da halinsa, kuma mafi yawan abin da yake kawo sakewa shi ne sabon kogo a bakin hular. Sharrin wannan kogo ɓoyuwarsa ce: hoton ƙashi ba ya ratsa ƙarfe, sai gefe-gefe kawai ake gani, idan kuwa an riga an cire jijiyar haƙorin babu zafin da zai yi gargaɗi, sai dai wari, ko jini a wajen goge baki, ko abinci ya riƙa maƙalewa a wuri ɗaya, ko ranar nan hular ta fito cikin lomar tuwo da guntun haƙorin a cikinta. Wasu kuma cizon haƙora cikin barci ne yake huda musu zinariya ko ya fasa tangaran. Cirewar kanta gwaninta ce: wani lokaci akan girgiza ta da ɗan ƙarfe mai ƙugiya har simintin ya saki, amma galibi tsaga ta ake yi daga gefe a buɗe ta, zinariya cikin sauƙi, mai ƙarfe da tangaran da ɗan wahala, zirkoniya kuwa sai da baki mai lu'ulu'u da haƙuri mai yawa, watau taurin da aka saye ta dominsa shi yake zama jidali ranar rabuwa. Bayan an buɗe sai a kankare ruɓar, a cike gurbin, a sake sassaƙa sabon baki ƙasa da na dā. Kuma a nan ne hasarar take, domin haƙori a hannun likita kamar alƙalamin kara yake a hannun almajiri, kowace fiƙewa tana gyara bakinsa tana rage tsawonsa. Daga ciko zuwa hula, daga hula zuwa cire jijiya da kafa turke irin na Fauchard, daga nan sai cirewa da dashen turken titaniyam a cikin muƙamuƙi, wanda Per-Ingvar Brånemark ya fara yi wa mutum a Gothenburg ta ƙasar Suwidin a 1965. Saboda haka likita mai tsoron Allah ba ya gaggauta sa hula inda ciko zai wadatar, ba ya kuma gaggauta sake wadda ƙaramin gyara zai tsawaita kwananta.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya shafe mu kai tsaye, watau haƙorin Makka. Kakanninmu da suke tafiya Hajji a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, suna shekaru a hanya, wahalar tafiyar ita ce shaidarsu. Da jirgin sama ya taƙaita tafiyar ta koma ta makonni, alhazai suka yawaita, sai wannan ɗan kwanso mai walƙiya ya zama alamar da ake gane Alhaji da Hajiya da ita tun daga murmushin farko, a Kano da Katsina, a Damagaram da Maraɗi, har zangon Kumasi. Ba na shakkar kyakkyawar niyyar masu yi, murna ce da ni'imar da Allah ya yi musu ta ziyartar ɗakinsa, kuma wanda ya tara kuɗin kujera shekara da shekaru ba a hana shi farin ciki. Amma wajibi ne a faɗi abu biyu. Na farko na malamai ne, sun kuwa sha faɗa: rangwamen da ya zo a hadisin Arfaja na larura ne, lafiyayyen haƙori kuma ba larura ba ne, saboda haka zinariyar ado a bakin namiji tana nan a kan asalin hukuncinta, ko da yake mata suna da sarari a wannan babi. Na biyu na likitoci ne: galibin waɗannan haƙora ba zubi ba ne da aka auna wa mai su, kwanso ne da aka riga aka buga, a zaɓi wanda ya yi kusa, a cika da siminti, a danna cikin 'yan mintoci tsakanin sayayyar tsaraba da kiran mota, wani lokaci bayan an ɗan goge haƙorin don ya shiga, watau ita ce dai hular nan ta ƙarni na 19 wadda Hunter ya yi kuka da ita, da ratarta da komai, sai dai wancan karon a kan haƙori mai ciwo ake kifawa, wannan karon a kan lafiyayye. Da yawansu ma ba zinariya ba ce tsantsa, shi ya sa bayan 'yan shekaru launin yake dushewa, dasashin wurin ya yi ja ya kumbura.

Wanda yake da irin wannan a bakinsa, ko wata tsohuwar hula ta asibiti, ya kamata ya kai a duba bakinta tun bai ji komai ba, ya kuma riƙa bin gindinta da aswaki ko buroshi da zaren sakace fiye da yadda yake bin sauran haƙoransa. Idan an cire kwanson da wuri, sau da yawa akan tarar da haƙorin da sauran ƙwarinsa, a wanke, a cike inda ya ɗan ci, a sallami mutum. Idan an makara sai an cire jijiya, a ɗauki awon baki, a sa masa hular roba ta wucin gadi, a aika da awon wurin mai haɗa haƙora, irin waɗanda makarantar tarayya ta Inugu ta daɗe tana horarwa, a jira mako ɗaya ko biyu kafin ta ainihin ta iso, likita ya gwada ta, ya bi bakinta da tsinin ƙarfe ko'ina yana neman rata, in ya samu ya mayar da ita a sake.